Babur a Hunturun Montreal

A Maraɗi babur ƙafar mai shi ne, rani da damina. Da karatu ya kai wani ɗan garin birnin Montreal na Kanada, sai ya tarar hawan babur na da lokacinsa kamar shuka. Dokar lardin Kebek ta wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, na babur kuwa samunsu da wuya. Ƙanƙara na sa santsi, gishirin da ake barbaɗa wa titi na cin ƙarfe. Tilas ya cire batir, ya lulluɓe babur, ya koma jirgin ƙarƙashin ƙasa. Zumunci ne ya fi jin jiki: ziyarar da a gida ake kaiwa ba shiri, a nan sai an sa rana.