Ƙyallen Tela Ma Yana Da Labari

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun yi haƙuri kun kai ƙarshe za ku tarar da ita a ciki. Maganar zannuwan iyayenmu ce, waɗannan da muke kira tsohon yayi, muna ɗaga hanci in an ce mu ɗaura.

Ina da ƙanwa, 'yar ƙanin babanmu, da ke karatu a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ranar da ta samu gurbin nan sai da gidanmu ya rabu biyu. Wasu suka ce haba, duk ga karatun likita ga na lauya, sai zane? Wasu kuma damuwarsu ita ce kada yarinya ta je tana sassaƙa gumaka. Ita dai ba ta ce uffan ba, don dama ba mai yawan magana ba ce. Da ta shiga shekarar ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi aikinsa na fita da shi, sai ta ajiye fenti da buroshi, ta ce ita da ƙyalle za ta yi.

Ni ta samu na dinga raka ta Kantin Kwari a lokacin hutu. Duk wadda ta taɓa zuwa haɗa lefe ta san yadda wurin yake: daga Unity Road ka kutsa cikin layuka, 'yan dako na ta "hanya, hanya", turamen atamfa da shadda da leshi an jera su har rufi, ga baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru suna ciniki. Kowa sabo yake nema. Ita kuwa ƙanwar tawa sai mu wuce shagunan mu ɓulla wajen telolin Fagge, ta durƙusa tana tsintar abin da almakashi ya zubar tana turawa a buhu. Wani tsohon tela ya dube ta ya ce, "'Yata, in filo za ki cusa ki bari in tara miki." Ta yi dariya ta ce, "Baba, karatu zan yi da shi."

Da gaske kuma karatun take yi. Ita ta nuna mini cewa a bakin kowace atamfa akwai rubutu siriri mai ɗauke da sunan kamfani da lambar zanen, kuma wannan bakin shi tela yake fara yankewa ya yar. Ta ce daga nan ake gane asalin zane. Mai sunan Vlisco ita ce Holan da iyayenmu ke ji da ita, daga garin Helmond, kamfanin da ya faro tun 1846. Mai UNTL kuwa 'yar gida ce, a Kaduna aka buga ta, a masaƙar da aka kafa a 1964, wadda ta rufe ƙofa a 2007 dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Yawancin na yanzu daga Sin ake shigo da su. Kin ga ashe ɗan ƙyallen da bai kai tafin hannu ba yana iya faɗa miki shekarun da aka yi wani aure, da ƙarfin aljihun angon, da halin da ƙasa take ciki a lokacin.

Na tambaye ta, wai malamanku sun yarda da wannan kwashe-kwashen? Ta ce ai a makarantarsu abin ya samo tushe. A 1958, tun tana kwalejin da daga baya ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ce ba zai yiwu ɗan Nijeriya ya ƙare a kwaikwayon zanen Turawa ba, dole ya haɗa abin da ya koya a aji da abin da ya gada a gida. Ta ba ni labarin El Anatsui, mutumin Ghana da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun 1975, wanda yake tara murafen kwalabe ya daddaƙe su ya ɗinke da wayar jan ƙarfe, su zama kamar ƙaton mayafi a bango, har aka ba shi babbar lambar yabo a Benis ta ƙasar Italiya a 2015. Ga kuma Yinka Shonibare da ke Ingila, wanda da atamfar nan tamu ya yi suna a duniya. Ta ce, "Yaya, in su sun ga daraja a murfin kwalba, ni da na tashi a gindin Kwari me zan je nema wani wuri?"

Inda aka samu rigima shi ne da ta ce ƙyallen tela kaɗai bai isa ba, tana son na gida. Kakarmu, Allah Ya ji ƙanta, ta bar akwatin ƙarfe cike da zannuwa, aka raba wa 'ya'yanta kamar yadda shari'a ta ce. Wasu tun na lefenta ne, har yanzu in aka buɗe ƙamshin turaren wuta da kafur ke tashi. Da Gwaggo ta ji wai za a sa musu almakashi, sai ta miƙe tsaye. Ta ce, "Ke 'yar nan, zanen uwata za ki yayyanka ki liƙa a katako, maza su zo suna kallo? Ba da raina ba." Kuma wallahi ban ga laifinta ba. Wanda ya rasa uwa shi ya san abin da yake ji in ya shinshina mayafinta.

Yarinyar nan ba ta yi musu ba. Ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan taɓa ko ɗaya mai kyau ba. Wanda ya mutu nake roƙo, wanda ko sadaka aka bayar ba za a karɓa ba. Sai dai ki gaya mini labarinsa." Gwaggo ta yi shiru kusan kwana uku. Ran nan da kanta ta fito da wani koɗaɗɗen zane mai ruwan ganye, tsakiyarsa ta cinye har ana hango hannu ta ciki. Ta ce da shi aka goye ta, da shi aka goye babanmu, da shi kuma Kaka ta rufe ƙanwarsu da ƙyanda ta ɗauke tana 'yar shekara biyu. Ni da ƙanwata muka dubi juna. Duk tsawon rayuwarmu ba mu taɓa jin cewa babanninmu sun yi wata ƙanwa ba. Zanen da ake shirin yin tsumman goge ɗaki da shi ne ya fito da ita.

Daga nan matan gidan suka ɓalle. Wannan ta kawo gefen ankon bikin da aka fasa. Waccan ta kawo ɗankwalin da ta ɗaura ranar da ta tafi yaji na farko, tana ba da labari tana dariya har da hawaye. Inna ta kawo murfin wata langa da ya rage daga jerenta, fentin ya ɓantare, ta ce a Kasuwar Sabon Gari mahaifinta ya sayo mata saitin bayan ya sayar da gyaɗarsa ta shekara. Ƙanwata tana rubuta komai a littafi, da sunan mai kaya da shekarar da ta iya tunawa.

Aikin ya ci mata wata huɗu. Ta kai farin yadi Ƙofar Mata aka rina mata shi da baba ya yi shuɗi mai duhu, shi ne shimfiɗar. A kansa ta dinga ɗinke ƙyallayen da zare da allura, na tela a gefe-gefe kamar cunkoson kasuwa, na gida a tsakiya. Wasu ta jiƙa su da ruwan lalle, wasu ta sa musu ƙaro suka sandare. Bakunan atamfa masu sunayen kamfanoni ta jera su daga tsoho zuwa sabo. Koren zanen Kaka kuwa ba ta yanka shi ba, haka ta ɗora shi da hujinsa, ta kewaye hujin da jan zare. Babu hoton mutum ko na dabba ko guda, don haka masu tsoron gumaka ma bakinsu ya mutu. Da Gwaggo ta gani kafin a tafi da shi Zariya, ta daɗe tana shafa jan zaren, sannan ta ce, "Allah Ya yi miki albarka," ta shige ɗaki.

To 'yan uwa, ba cewa nake kowa ta tafi karatun zane ba, ni ma alƙalamina ne sana'ata. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Kaya ba su da tabbas: ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata sababbin turame na maƙudan kuɗi a 'yan sa'o'i, balle tsohon zanen da ke ƙasan akwati yana fama da gara da ɓera. Masu labarin kuma sun fi kayan saurin tafiya. In mahaifiyarki ko kakarki tana raye, ki zauna kusa da ita ranar da take shanya kayan akwatinta, ki ɗauki zane ɗaya ki ce, "Umma, wannan fa a ina kika same shi?" Ki tanadi biro da takarda, don abin da za ki ji zai fi ƙarfin ki riƙe a ka.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ja kwanan iyayenmu da ke raye, Ya ba mu ikon yi musu biyayya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.