Ranar da Iska ta Kayar da Jirgi

Ina da shekara goma sha ɗaya a 1985, shekarar da ta biyo bayan farin da mutanen Maraɗi suka raɗa wa suna El Buhari, don Buhari ya rufe iyaka, hatsi ba ya ƙetarowa daga Jibiya. Mu yaran unguwar Zariya aikinmu neman abin da awaki za su ci, kuma ɗan sauran ciyawar da ta rage a gabashin gari tana gefen filin jirgi. Can muke laɓawa da buhunanmu, ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan mai gadi.

A lokacin ƙananan jirage sun yawaita, masu farfela ɗaya a hanci, masu ɗaukar mutum huɗu ko shida. Ran nan ƙarshen bazara ne, bayan azahar, zafi kamar bakin tanda. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Akwai wani ƙyalle mai kama da ƙafar wando a kan sanda, ja da fari. Na ga ya miƙe, ya faɗi, ya sake miƙewa yana nuna kudu, wajen Jiratawa. Titin jirgin kuwa gabas da yamma ya kwanta.

Sai ga wani jirgi ya biyo ta kan gari, yana tafe a karkace, hanci na duban arewa, jiki na bin titi, kamar kaguwa. Wallahi dariya muka yi. Na miƙa yatsa na ce wa ɗan kawuna da ya zo mana daga Tibiri, "Dubi, wannan bai iya tuƙi ba!"

Ban sauke hannu ba ƙura ta taso. Fiffike ɗaya ya ɗaga, jirgin ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya sake daka. Ya bar kwalta ya shiga rairayi. Ƙafar gaba ta karye, farfela ta caki ƙasa, wutsiya ta tashi sama ta tsaya. Shiru. Sai warin mai, da yashi a haƙorana.

Ƙofa ta buɗe. Mutum uku suka fito, matuƙin na dafe da goshi, jini na bin yatsunsa. Ya zauna a ƙasa, ya ce da mai gadi cikin Hausarsa ta koyo, "Iska ne, iska." Jandarmomi na isowa muka arce, na bar buhuna.

A gida na gaya wa kakata. Ta daina kaɗi, ta ajiye mazari. "Shi da bakinshi ya ce iska?" Na ce i. Ta ce, "To, ya san abin da ya taɓa shi. Kai kuma, ɗan nan, wa ya ce ka nuna da yatsa?" A garin da ake girka bori, kowa ya san wace iska take nufi. Daren nan aka yi ruwan fari, gari na murna, ni ina kwance da yatsana a hammata, na tabbata ni na nuna wa iskoki shi. Na fi shekara ban ƙara faɗa wa kowa ba.

Sai da na girma wani tsohon makanikin jirgi ya warware mini. Wannan karkatar da muka yi wa dariya ita ce gwaninta: in iska ta bugo daga gefe, dole matuƙi ya juya hanci wajenta, in ya kusa taɓa ƙasa ya miƙe shi da ƙafa, ya sauke fiffiken da ke ɓangarenta. Mai wuyar ita ce iskar da ke zuwa tana ɗaukewa, don jirgin bai fi nauyin ƙaramar mota ba. Daidai shi ne ya ƙara wuta ya tashi ya sake zagayowa, amma hadari na gabansa, ya zaɓi ƙasa.

Na fahimta, na kuma ji kunyar dariyata. Kakata ta rasu ba mu sake tada zancen ba. Amma har yau, in ƙaramin jirgi ya ratsa saman Zariya, jikokina suka fita suna ihu, ni nake bi ina sauke musu hannu.