Cabochard a Hunturun Kano

Litinin

Cabochard na gidan Grès ne. Ya fito a Faris a 1959, kuma Bernard Chant ne ya haɗa shi. Mai ƙarfin na saya, wanda aka rubuta wa Eau de Parfum a jikin kwali. Kwalbar ba ta da wani ado sai ɗan ɗaurin ribon a wuya.

Feshi ɗaya na yi a wuyan hannu bayan karin kumallo. Abin da ya fara dukan hancina ɗaci ne na ɗanyen ganye da aka murtsuke, da wani kaifi da ke hawa har tsakar ka. Aikin galbanum ke nan, ƙaron wani tsiro da ke fitowa a tsaunukan Iran. Zaƙi kuwa babu ko ɗigo. Wadda hancinta ya saba da humra da turarukan Dubai za ta rantse lalatacce aka sayar mata. Ƙanwar maigidana ta shigo, ta ja hanci, ta ce, "Anti, yau turaren Yaya kika fesa ne?"

Kafin azahar kaifin ya kwanta. Yasmin da wardi suka leƙo, amma a bushe, ba su daɗe suna magana ba. Can ƙasa sai ga itace da fata da ɗan ƙaurin hayaƙi. Daga nan na daina tunanin wanke hannu.

Talata

Hazo ya sauko sosai, kuma busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Na shafa ɗan basilin kafin feshi, ya kai ni har magariba. Man kaɗanya bai dace a nan ba, don yana zuwa da nasa ƙamshin. A gefen mayafi ya fi jimawa nesa ba kusa ba.

Laraba

Yau fatar nake bi. Ba a tatsar mai daga fata yadda ake tatsarsa daga fure ko itace. Ƙamshin fata a cikin turare haɗa shi ake yi. Masu sana'ar na dā sun dogara da kwaltar ɓawon itacen birch, wadda majeman Rasha ke shafa wa fatunsu, kuma a kanta aka gina Cuir de Russie na Chanel a shekarun 1920. Akwai kuma wani sinadari da ake haɗawa a ɗakin gwaji, isobutil kwinolin, mai ɗaci da bauri. Germaine Cellier ta zuba shi ba tausayi a cikin Bandit na Robert Piguet a 1944, turaren da har yau wasu mata ke tsoro. Cabochard ta wannan hanya ya biyo, sai dai ya fi Bandit ladabi.

Garin Grasse a kudancin Faransa, wanda yau ake wa kallon cibiyar turaren duniya, garin majema ne tun asali. Warin jima ne ya sa aka fara turara safar hannu ta fata da ake sayar wa masu sarauta, har sana'ar turare ta zo ta danne ta jima. Mu ma ba baƙin fata ba ne. Fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma, Turawa suka yi ta saye da sunan fatar Maroko. Jima tamu ce, dukanci namu ne, amma hancinmu ya ajiye ƙamshin fata a wurin takalmi da jaka da sirdi. Shi ya sa mace ta fesa shi a jiki sai a ga abin banbaraƙwai.

Da la'asar na shiga Kasuwar Kurmi neman tumtum. A rumfar wani dattijon baduku na shinshina sabuwar fata, na shinshina hannuna. Ba ɗaya ba ne. Sabuwar fata tana da ɗan ƙarni da tsamin jima. Ta Cabochard ta fi kama da tsohuwar gafakar Alƙur'ani da ta shekara a rataye a ɗakin kaka, ta sha hannu, ta sha hayaƙin turaren wuta. Na fesa wa dattijon a ƙyalle. Ya jima yana juya shi, sannan ya ce, "Hajiya, wannan ai fatar da ta tsufa a ɗaka ce."

Alhamis

Maigida ya ce yana tuna masa Aramis ɗin mahaifinsa. Hancinsa bai yi ƙarya ba. Bernard Chant ɗin nan shi ya haɗa wa kamfanin Estée Lauder Aramis a tsakiyar shekarun 1960, sannan Azurée a 1969. Su ukun uba ɗaya ne, kuma Cabochard ne babba. Don haka masu cewa na mata ya kwaikwayi na maza sun juya lissafin, na mazan ne ya zo daga baya.

Matar da sunanta ke kan kwalbar ma ba mai son tarkace ba ce. Madame Grès, wadda aka haifa a 1903 da sunan Germaine Krebs, ta yi suna da dogayen riguna masu ƙananan tattara da take jerawa da hannu a jikin mai sawa, kuma ba a cika ganinta ba ɗaurin kai ba. Ƙarshenta akwai ban tausayi: gidan ɗinkin ya fita daga hannunta, ta rasu a 1993 cikin rashi, kuma sai bayan shekara guda duniya ta ji labarin mutuwar.

Juma'a

Ranar turara kaya, don haka na gwada shi da namu na gida. Da humra ba su jitu ba ko kaɗan. Zaƙin humra da maiƙonta sun danne ganyen da furen, abin da ya saura a sama sai ɗaci tsagwaronsa. Goggo da ta zo gaisuwar Juma'a ba ta ɓoye ba: "Ke 'yar nan, zaɓi ɗaya mana."

A kan atamfar da na turara da sandal zalla kuwa, abin ya yi kyau ƙwarai. Sandal ya tausasa baurin, fatar ta fito fes. Akwai dalili: a gindin Cabochard akwai itacen sandal da facoli da betiba, wadda 'yar'uwar jemar nan ce da mata ke sa saiwarta a haɗin turare, ko da yake yawancin wadda Turawa ke amfani da ita daga Haiti ake kawowa.

Sai maganar fita. Kowa ya san gargaɗin malamai a kan mace ta ratsa taron maza tana tashin ƙamshi, kuma wannan turaren ba ya ɓuya idan aka cika hannu. Feshi ɗaya a ƙarƙashin hijabi yana tsayawa a jiki, sai wadda ta rungume ki za ta ji. Uku kuwa, kafin ki yi sallama an san kin iso.

Asabar

Gidan biki. A cikin zafin rana da cunkoso da ud ta ko'ina, Cabochard ya ɓace, ni kaina ban ƙara jinsa ba sai da na koma mota. Ba turaren gasa ba ne.

Amma wata Hajiya babba, tsohuwar malamar makaranta, ta kama hannuna wajen gaisawa ta ce, "'Yata, Cabochard ne? Na shafa shi ina budurwa. An rage masa gishiri." Tana da gaskiya. Turarukan dangin Cabochard, tun daga Chypre na Coty a 1917, sun tsaya ne a kan wata gansakuka da ke fitowa a jikin itacen oak, mai ƙamshin damshin daji. An gano tana jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, aka yi ta taƙaita ta, har Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan shafa masu ɗauke da sinadarai biyu na cikinta, atranol da kuloro-atranol, daga 2021. Dole tsofaffin turarukan da ke ɗauke da ita suka canza haɗi. Na yanzu ya fi na dā haske da sauƙi, kuma wannan duhun da Hajiya ke nema ba zai dawo ba.

Lahadi

Hukuncina: turare ne na safiyar hunturu, na ofis da aji da ɗakin karatu, na ranar da mace ke son a saurari maganarta. A bazara zai yi nauyi. Ban ba amarya shawarar sa shi a lefe ba, haka wadda ke neman zaƙin banila ko 'ya'yan itace. Kuɗinsa bai kama ƙafar na Chanel ko Tom Ford ba, kuma a wurina ya fi da yawa daga cikin masu tsadar hali.

'Yar'uwa, idan za ki gwada, kada ki yanke hukunci a bakin kanti, kuma kada ki yarda da ƙamshin murfi ko na takarda. Ki fesa a hannu da safe, ki tafi harkokinki, ki sake shinshinawa bayan azahar. Idan har lokacin bai kwanta miki ba, ki bar wa mai shi kayansa.