Lasifikar falo: a bar wa kunne ya zaɓa

Jama'a, mu nan in za mu sayi lasifikar gida, tambaya ɗaya muke yi wa mai kanti: "Alhaji, wat nawa ce?" Shi kuwa ya nuna mana kwali an rangaɗa 5000 a jiki, ya murɗa ƙara har ƙofa ta hau rawa, mu ƙirga jikkunanmu mu miƙa. Lambar nan da ke da PMPO a gefenta ta talla ce kawai. Wadda ake dogara da ita ita ce RMS, kuma wat 50 na RMS a kowane ɓangare ya ishi falon yawancinmu har da saura.

Akwai wata lambar da ta fi wat amfani, ba mu ma duba ta: yawan ƙarar da lasifika ke fitarwa da wat ɗaya tak, ana rubuta ta da dB. Mai 90 tana buƙatar rabin ƙarfin da mai 87 ke ci kafin su yi ƙara ɗaya. Ga wanda ke kunna kaya da batir da hasken rana in kuran ya ɗauke, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Amma takarda ba ta jin kiɗa. Mu tafi kanti da abin da kunnenmu ya sani tun muna yara. A sa Shata. Kalangu magana yake yi, makaɗi na matsa tsarkiya murya na hawa da sauka. Lasifikar banza sai ta mayar da shi dum-dum kamar ana dukan jarka. A sa biram ɗin marigayi Mamman Barka, a saurara ko kowace tsirkiya ta fita daban. A sa algaita da kakaki irin na ƙofar fadar Damagaram: in algaita ta soki kunne har mutum ya yamutsa fuska, a bar musu kayansu. Sannan a ce wa mai kanti ya rage ƙara sosai, ko da ransa bai so ba. Ta kirki ko a hankali ana jin numfashin mawaƙi da amshin ƴan amshi a bayansa, kuma in ganga ta faɗo bagatatan sai gaba ya faɗi.

Masu hali na yin odar Focal daga Faransa ko KEF daga Ingila, kuma kaya ne na gaske, ba musu. Sai dai ɗakunanmu siminti ne da karo da rufin kwano, sauti na bugun bango ya dawo ya cakuɗe. Darduma mai kauri da labule za su gyara abin da miliyan ba ta gyara ba. A janye lasifikar daga lungu, a ba ta kamu biyu daga bango, a daidaita ƙaramin bakin da kunnen mai zama. Waƙar da ta yi yawo a WhatsApp har ta gaji kuwa, ko Focal ba ta iya mata.

A cikin kuɗin a ware na regilater, don hawa da saukar kuran na ƙona amfuli, da na ƙyallen rufa saboda ƙurar hunturu.