Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Shin ya dace ma'aikatan jinya su haɗa kai cikin ƙungiyar ƙwadago? Ni dai a ganina ya dace ƙwarai da gaske.

Garinmu Keffi yana bisa babbar hanyar Abuja zuwa Akwanga, in an yi haɗarin mota, asibitocinmu akan kwaso mutane. Nas ne yake kwana tsaye a kansu. In safar hannu ta ƙare, ko aka bar masa ɗaki guda shi kaɗai, kukansa ba ya wuce ƙofar ofis. Amma muryar taro takan isa kunnen hukuma. Ran 30 ga Yuli, 2025, ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi a asibitocin Gwamnatin Tarayya, tana neman ƙarin ma'aikata da gyaran alawus. Mako bai cika ba aka zauna da ita, ta janye.

Roƙona guda ne ga shugabanninta: kome zafin yaji, kada a rufe ɗakin haihuwa da na taimakon gaggawa. Mai hali ya san hanyar asibitin kuɗi, talaka kuwa gida zai koma ya jira ikon Allah.