Fuskar Kunkurun Mahaifina

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin En'e ne tun kafin a soke En'e a 1976 a kafa ƙananan hukumomi a madadinta. Bayan wannan canji da shekara biyu ya sayi mota Volkswagen, irin wadda mu ke kira Kunkuru, cikin waɗanda aka fara harhaɗawa a Ikko a 1975. Da ƙarfinsa ya ƙare, idonsa kuma ya yi rauni, ran nan ya kara ta da kututturen ƙofar gida, goshinta ya lotsa, fitilar dama ta fashe. Bai sāke tuƙi ba har ya rasu. Ta shekara tara a gindin dalbejiya, kaji na ƙwai a cikinta.

Ranar da aka zo rabon gado sai wana ya ce a sayar wa 'yan gwangwan, su auna ta da sikeli kamar buhun gyaɗa. Na ce, "Yaya, a sa ta cikin rabona." Ya ce, "To, na ji. Amma wurin nan ɗaki zan gina wa yaro. Na ba ka shekara guda, in ba ta fita da ƙafarta ba, za ta fita a kan kura." Ni kuwa aikin akawu na gada, ban san kome ba sai alƙalami da fayil, kuɗin kai ta gareji kuma babu.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ƙirar wannan mota ta ke, gama ta saɓa wa sauran. Injinta a baya ya ke, kuma iska ke sanyaya shi, ba ya shan ruwa. A gaba kuwa, inda sauran motoci ke da inji, ba kome sai wurin kaya da safayar taya da tankin mai. Madigadinta huɗu ba walda aka yi musu ba, da noti aka ɗaure su, kowa ke da sifana yana iya kwance su. Wannan ne ya ƙarfafa mini guiwa. An ƙera ta sama da miliyan 21 kafin a daina a ƙasar Meksiko a 2003, saboda haka har yanzu ba a rasa gyauron kayanta a wurin masu tsofaffin ƙarafa. Injin na ba wani bakanike, bai ba shi wahala ba. Goshin ne na ce ni zan yi da hannuna.

Akwai wani tsohon fanelbita a unguwarmu, hannunsa ya soma rawa, ya bar sana'a. Ya yarda ya ara mini kayan aikinsa, ya riƙa zama a benci yana duba ni kowace Asabar, amma ya ce ba zai taɓa guduma ba. Ran farko na ɗauko bututun walda da zumuɗi, sai ya daka mini tsawa, "Kai, ɗana, ajiye! Ina tanki?" Na ce, "Baba, ai shekara tara ba mai a ciki." Ya ce wanda ba kome ɗin shi ya fi tsoro, domin tururin fetur ne ke fashewa, kuma yana daɗewa a ciki bayan man ya ƙare. Sai da na kwance tankin na kai shi bayan gida, na cire batir daga ƙarƙashin kujerar baya, kāna ya yarda a kunna wuta.

Abin da na fara koyo shi ne, ƙarfen da ya lotsa ba daga tsakiya a ke bugunsa ba. Ana sa wani dunƙulen ƙarfe mai santsi ta ciki a tokare, a riƙa bi da guduma ta waje a hankali, daga bakin lotsawar ana kewayawa zuwa tsakiya, watau wurin da ya lanƙwashe daga ƙarshe shi a ke fara miƙewa. Ni da na ga abin ba ya sauri sai na shiga zabga masa guduma kamar maƙeri. Ashe duk bugu mai ƙarfi ƙara wa ƙarfen fāɗi ya ke yi. Wurin ya kumbura, in ka danna ya shiga ɓas, in ka saki ya fito. Maganinsa sai da wuta: a gasa wuri kamar fāɗin kwabo har ya yi ja, a bubbuga kewayensa, a ɗora tsumma mai ruwa, sai ƙarfen ya tsuke. Asabar uku na yi ina gyaran ɓarnar da na yi cikin rabin sa'a.

To, a nan ne son zuciya ya shigo. Kunkurun da aka ƙera a Jamus kafin 1967 fitilunsa a kishingiɗe su ke, da gilashi a kansu, kamar idon mai jin barci. Na baya kuwa fitilunsu a tsaye su ke, irin na motarmu ke nan. Ni tsohuwar fuskar ta fi ba ni sha'awa. Na samu ruɓaɓɓun madigadi biyu na tsohon yayi, bakin fitilunsu ne kaɗai ke da sauran kirki. Na ƙudura in yanko su in dasa a namu. Tsohon ya ce, "Wannan ba gyara ba ne, ƙira ce. Ka iya?" Na ce in sha Allahu.

Na yanka kwali na fitar da siffar, na zana a kan ƙarfen, na yanke. Wajen haɗawa ya hana ni jan walda a miƙe, gama ƙarfen mota bai kai kaurin kwabo ba, zafi na yawa sai ya karkace. Ɗigo a nan, a tsallaka can a yi wani, a jira ya huce, har ɗigon su haɗu. Duk da haka na huda wuri biyar.

Laifin da ya fi cina kuwa na yi shi ne a ɓoye. Tsohon ya yi rashin lafiya wata guda, wa'adin Yaya kuma yana matsowa. Maimakon in kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, in ƙarasa miƙe abin da ya saura, sai na kwaɓa bodifila na lafta mai kaurin yatsa, na goge da sanfefa, na shafa fenti. Kai, ta yi kyau! Yara suka taru suna kallo. Damina na sauka, tsatsar da na binne ta ci gaba da cinta a ƙarƙashi, filar ta tsage, ta ɓamɓaro kamar yaɓen da aka yi wa bango ba ramno. Da tsohon ya warke ya zo, bai yi faɗa ba. Ya ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa, ya ji ƙarar ta mutu, ya ce, "Fila ta cike ƙaiƙayin guduma ce, ba ta cike rami ba. Kankare." Kuɗin fenti da na fila, wajen rabin albashina, suka bi ruwa, saura wata biyu kuma wa'adi ya cika.

Na koma farko, dare da rana. Da na ɗaura fitilun, muka tura ta gaban bango da dare muka kunna, sai ga hasken dama ya fi na hagu tsawo da kamar taƙi guda. Matata ta ce motar ta zama harara-garke. Ashe na auna kowane gefe shi kaɗai, ban ja igiya daga tsakiyar mota na gwada su tare ba. Na sāke yanke na dama, na sauke shi.

Saura kwana shida ta fita da ƙafarta. Yaya ya kewaya ta sau biyu, ya buɗe gaba ya rufe, bai ce uffan ba, sai ya shiga ya zauna a gefen direba. Na shiga gida na kira mahaifiyarmu, na ce, "Inna, fito ki ga motar Malam." Ta fito da sandarta, ta tsaya a gabanta, ta daɗe tana duba. Can ta ce, "Sannu da aiki, Allah ya yi maka albarka. Amma wannan ba idon motar Malam ba ne. Tasa idonta a buɗe ya ke."

Tsofaffin bakin fitilun da na yanke suna nan, na shafa musu baƙin mai na naɗe a buhu, na rataye a zaure. Tsohon ya ce mayar da su aikin Asabar takwas ne. Har yanzu ban kwance buhun ba, Inna kuwa ranar Jumma'a a kujerar baya ta ke zama in kai ta gidan ƙanwarta.