Lambar Tuta Biyu

Jama'ar zango, tun sa'ad da aka shiga rushe tsofaffin gidajen Mushairib, wajen 2010, mutane suka yi ta kwashe kaya suna ƙaura, akwatunan da suka daɗe a rufe suka buɗu. Cikin abin da ya fito har da lambobin soja na kakanninmu waɗanda suka yi aiki a ƙasar Hausa kafin zuriyarsu ta gangaro nan. Mu 'yan kaɗan muka sa kanmu tattara su, kuma wadda aka fi kawo mana a tambaya ita ce mai tuta biyu a gicciye.

To, wannan lamba ta ɗan sigina ce, watau sojan da ya ci jarrabawar aika saƙo daga nesa. Da rana yana yi da tuta ko da madubi, da dare da fitila, daga baya kuma aka sami wayar iska. Idan lambar ta zare ce mai launi, za ku ga tuta ɗaya shuɗiya, ɗaya fara da ratsin shuɗi a tsakiya. Haka tutocin suke a fagen aiki. In abin da ke bayan mutum duhu ne, kamar kurmi, sai ya ɗaga fara. In sarari ne mai haske, sai shuɗiya. Akwai kuma ta tagulla, da ta zare a kan kaki.

Wurin da aka ɗinka ta shi ne rabin labarin. Wanda ya ci jarrabawa kurum yakan sa ta ƙasa a hannun hagu. Kofur ko saje da ke koya wa wasu kuwa, tasa tana dama, bisa igiyoyinsa. Saboda haka in kun sami riga da lamba a jikinta, don Allah kada ku farke. Mun ga wadda yara suka yanke da reza domin ta shiga ƙaramin gwangwani, ga shi yanzu ana gardama a gidan ko tsohon malamin sigina ne ko ɗalibi.

Abin da ya fi damunmu shi ne tuta biyu ita kaɗai ba ta faɗin ko ta wane ne. Sojan Ingila ya sa ta, na Indiya ma haka, su kuwa mutanen Indiya ai maƙwabtanmu ne a unguwan nan shekara da shekaru. Wanda ya saya a kasuwa ya ce ta Bahaushe ce, zato kawai yake yi. Sai an dubi 'yan'uwanta da aka ajiye su tare. In akwai bishiyar kwakwa ta tagulla, ta rundunar Afirka ta Yamma ce, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897, aka rushe ta a 1960. In akwai haruffa R.W.A.F.F., to ba ta riga 1928 ba, gama a shekaran nan ne aka ƙara musu harafin farko.

Mazan yaƙin Bama kuwa shaidarsu ta fi daɗin gani. Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943, alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Ananse na mutanen Asante aka nufa, amma mu dai Gizo muke gani, mijin Ƙoƙi. Runduna ta 82 kuwa mashi biyu ne da gammo, don tunawa da masu ɗaukar kaya a ka cikin dutse da kurmi inda mota ba ta shiga. Su biyun nan sun haɗu a Myohaung cikin Janairu 1945.

Wadda ke da mutum tsaye da ƙafa ɗaya bisa ƙwallon duniya dabam take. Ta rundunar sigina ce ta Ingila da aka kafa a 1920, tana nuna inda mutum yake aiki ne, ba jarrabawar da ya ci ba.

Duk wanda ke da lamba, ya nemo takardar sallama tukuna, gama a nan suna da lambar soja suke. Kada a goge tagulla da toka ko lemon tsami. A rubuta sunan mai ita da garinsu, Kano ne ko Zariya ko Kumasi, a sa cikin ambulan ɗaya, sa'an nan a kawo mu duba tare.